Kaset Biyu a Aljihun Tebur

Tun ranar da Auta ta zo masa da maganar shirin da za ta haɗa, Mai Kaset bai sake cin abinci ya ji daɗinsa ba. Auta ce 'yarsa ta ƙarshe, ita kaɗai kuma ta gaje shi a gidan talabijin, sai dai shi ya ƙare aikinsa a ɗakin ajiye kaset da ke ƙarƙashin bene, ita kuwa furodusa ce mai ofis da kujera mai juyawa. An ba ta aikin haɗa tarihin shirye-shiryen yara na safiyar Asabar, daga haihuwarsu har zuwa mutuwarsu. Ta zo gida da littafin rubutu, baki har kunne, ta ce ita kam ta tsinci dami a kala, tunda ga tarihin nan gaba ɗaya zaune a falo yana shan shayi.

Da farko ya saki jiki, don tsoho ba ya ƙin a tambaye shi zamaninsa. Ya gaya mata yadda gidan talabijin ba ya buɗewa sai ƙarfe huɗu na yamma, in ban da Asabar, da ake tayar da injuna tun bakwai da rabi saboda yara. Gida ɗaya ko biyu ke da akwatin a layi guda. Yara sukan cika falo, waɗanda ba su sami wuri ba su rataye a taga, mai gidan yana mita yana kuma ƙara musu sauti. Komai kai tsaye ake yinsa, babu gyara, in yaro ya jiƙa wando ana tsakiyar waƙar goge haƙora, duk gari ya shaida. Akwai Anti mai ba da labari, akwai malamin zane da bai taɓa zana doki ya yi kama da doki ba, sannan akwai Bunsuru.

Bunsuru safa ce. Baƙar safar ulu ce mai idanun maɓalli da gemun zaren buhu, ana zura hannu a cikinta. Hannun na ƙanin matar Mai Kaset ne, wato kawun Auta, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana kwanciya rigingine a ƙarƙashin tebur kowace Asabar, zanin tebur ya rufe shi, hannunsa na dama a sama yana gardama da Anti. Bunsuru ba ya yarda da komai. In an ce a wanke hannu kafin a ci abinci, sai ya ce nasa kofato ne. In an ce biyu da biyu huɗu, sai ya ce shi ya cinye ɗaya, a sake lissafi. Babu yaron da bai iya kwaikwayon muryarsa ba, amma fuskar mai muryar ba wanda ya sani. Ya taɓa gaya wa wani mai kanti cewa shi ne Bunsuru, mai kantin ya ce shi ma ai shi ne Anti.

Daga baya aka fara kawo katun, wato finafinan zane na yara, daga waje cikin kwalaye. Sun fi araha, ba sa makara, ba sa jiƙa wando. Sabon manaja ya rage wa su Anti lokaci daga awa biyu zuwa rabin awa, daga nan ya ce a naɗe tabarma. Katun ɗin ma ba su daɗe suna sarauta ba, sai ga tashoshin tauraron ɗan Adam masu nuna su safe da yamma, sai kuma waya. Yaron da ke da katun a tafin hannunsa ranar Talata, me zai jira ranar Asabar? Auta tana ta rubutu, shi kuma yana ta zuba, har ya manta inda hirar za ta kai shi.

Sai ta rufe littafin ta ce saura babban abu, kaset ɗin shirin ƙarshe, wanda Kawu ya ce yana hannun Baba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mai Kaset ya ce e, yana nan, sai dai ai babu injin da ke kunna irin waɗannan manyan kaset yanzu. Wannan uzurin ya fi shekara ashirin yana yi masa aiki. Auta ta yi dariya ta ce wani mai gyaran rediyo ya tayar musu da tsohon injin, ta gwada shi da hannunta, yana aiki sumul.

Ga abin da ya faru a shirin ƙarshen nan. Ana saura minti uku a rufe, Anti ta ɗaga zanin tebur ba tare da ta gaya wa kowa ba, ta kamo Kawu ta jawo shi waje, ta ce wa yara su ga wanda ya ba su dariya shekara goma sha ɗaya. Ya miƙe da ƙyar, yanar gizo a gashinsa, safar tana hannunsa, yana murmushi hawaye na zuba. Shi ke nan fitowar fuskarsa a talabijin, ba a taɓa yi ba kafin nan, ba a kuma sake ba. Shi kansa bai gani ba, tunda kai tsaye ne. Ana tashi ya gangaro ɗakin kaset ko safar bai cire ba, ya ce, "Yaya, wannan ɗaya dai ka ajiye mini." Mai Kaset ya ce ko gobara aka yi, da shi zai fita.

A lokacin kaset abu ne mai tsada, ba a barin shirin yara ya daɗe a kansa. Aikin Mai Kaset ne kowace Litinin ya kwaso na Asabar ya ɗora su a kan injin gogewa, injin ya yi gurnani na ɗan lokaci, ya miƙa wa 'yan labarai su ɗauki wani abu. Da hannunsa ya goge Bunsuru ya fi sau ɗari biyar, bai taɓa jin komai ba, don aiki ne. Kaset ɗin da ake son ajiyewa kuwa, akwai wani ɗan jan maɓalli a gindinsa da ake cirewa. In babu maɓallin, ko an saka shi a kyamara ba zai ɗauki sabon abu ba. Ya cire na shirin ƙarshe ya jefa a gwangwanin da yake tara su, ya sa kaset ɗin a aljihun teburinsa ya kulle.

Aljihun ba fanko ba ne. Akwai wani kaset da ya riga ya ɓoye a ciki, na wata Asabar da aka kai Auta cikin yaran da ke zama a tabarma, tana da shekara biyar. Ba ta yi magana ba, ba ta yi waƙa ba. Kyamara ce kawai ta tsaya a kanta abin da bai kai minti ɗaya ba, tana tafi da giɓi a baki.

Bayan wata huɗu, wata Alhamis da tsakar rana, 'yan labarai suka faɗo ɗakin a guje. Wani babban mutum zai buɗe sabuwar gada, mota tana jira, kuma babu kaset ko ɗaya da ya rage a kan kanta. Manaja da kansa ya sauko ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce a nemo ko daga ina ne, in ba haka ba wani ya kwana da takardar sallama. Mai Kaset ya buɗe aljihun tebur, ga kaset biyu suna kallonsa. Ya sha gaya wa kansa cewa ruɗewa ce, amma ya san ba ruɗewa ba ce. Sai da ya karanta rubutun da ke jikin kowanne, sai da ya jawo gwangwani ya zaɓo maɓalli, sai da ya danna shi da babban yatsa har ya ji ya zauna. So duka so ne, amma son kai ya fi. Ya miƙa musu na Kawu, na Auta kuwa ya tafi da shi gida a ranar, cikin riga.

Ya yi niyyar gaya wa Kawu a makon. Sai Kawu ya zo gidan yana neman aiki, fuska a yamutse, ya ga ba lokacin ba ne. Da ya sami aikin koyarwa kuma yana murna, nan ma ba lokacin ba ne. Duk sanda Kawu ya tambaya, cikin wasan da suka saba, ko ajiyarsa tana nan, sai ya ce tana nan lafiya lau, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Da maganar ta yi shekara biyar sai ta fi ƙarfin a warware ta, da ta yi goma sai ta zama kamar kayan ɗaki, ana wucewa ta gefenta. Matarsa ta rasu ba ta sani ba, ita da ta yi ta yabonsa a gaban ƙaninta cewa mijinta ba ya wasa da amana. Wannan yabon ya fi zagi ci masa rai.

Yanzu shekara talatin da ɗaya ke nan. Shekara biyu da suka wuce Kawu ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, kuma ciwon bai tashi kama ko'ina ba sai ɓarin dama. Hannun da ya yi Bunsuru yana kwance a cinyarsa, sai an ɗaga shi. Jikokinsa ba su ma san Bunsuru ba, balle su yarda kakansu ne. Tun da ya ji labarin shirin Auta yake aiko da saƙo kusan kullum, wai a yi sauri a kawo kaset ɗin, yana so ya ga fuskar nan tasa tun tana da kyan gani, yaran nan kuma su daina yi masa kallon mai shaci-faɗi.

Mai Kaset ya shiga kame-kame. Ya ce makullin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado ya ɓata. Auta ta kawo kafinta ya ɓalle kwaɗon. Kaset ɗaya ne a ciki, naɗe da tsohon zanin mahaifiyarta, da rubutun hannunsa a jiki, "Auta tana tafi." Ta rungume shi ta ce ba ta taɓa sanin yana da shi ba, har da ƙwalla. Shi kuwa ya tsaya kamar an dasa shi, don godiyar da take yi masa ta fi mari zafi. Da ta tambayi ɗayan, sai bakinsa ya riga shi, ya ce wataƙila ya bar shi a tsohon sito na gidan talabijin.

Kwana uku ta yi a siton nan. Takan dawo da yamma gira fari fat, tana tari, ta wanke hannu ruwan ya yi baƙi. Ta ɗaga kwalaye sun fi ɗari, ta sami jawabai, ta sami wasannin ƙwallo, ta sami ɓera da iyalinsa. Na shirin yara ko ɗaya babu. Shekara goma sha ɗaya na safiyar Asabar, abin da ya rage a duniya shi ne kaset ɗin da take tafi a ciki. Yana zaune yana jin tarinta daga ɗaki, yana jin kunyar da bai taɓa ji ba. Ya bar 'yarsa tana neman abin da ya san babu shi, don kawai ya sami ƙarin kwana uku a matsayin mutumin kirki.

A rana ta huɗu ita da kanta ta kawo masa mafita. Ta ce masu gadi sun gaya mata wata shekara rufin siton ya yi yoyo, aka zubar da kwalaye da yawa da suka jiƙe. "Baba, ina ga ruwan nan ne ya ci shi," in ji ta. "Kada ka sa abin a ranka, ba laifinka ba ne. Ni zan gaya wa Kawu." Ya gyaɗa kai. Ƙarya ce mai kyau, an ɗinka ta daidai jikinsa, ba shi ma ya ɗinka ba. Ya ji sauƙi na kamar awa ɗaya, daga nan abin ya dawo ya fi da nauyi, don yanzu da bakin 'yarsa za a yi ta.

Ranar Asabar da hantsi suka je gidan Kawu ɗaukar hirarsa. Falon ƙarami ne, an ture teburin tsakiya gefe, Auta ta kafa kyamara a kan ƙafafunta uku kusa da taga. An yi wa Kawu aski, an sa masa farar riga mai guga, sai dai wuyan rigar ya naɗe ta gefe ɗaya ba wanda ya lura. Jikokin uku suna jere a doguwar kujera, an ƙwace musu waya an ce yau za su ga abin mamaki, suna ta kumbure-kumbure. Kawu yana ganinsu ya leƙa hannun Mai Kaset, ya leƙa jakar Auta. Maganarsa ta ɗan yi nauyi tun ciwon, amma tsokanar tana nan. Ya ce ina ajiyar, ko Yaya ya fara karɓar kuɗin kallo ne?

Auta ta durƙusa kusa da kujerarsa ta fara bayanin rufin sito, a hankali, tana zaɓen kalmomi. Mai Kaset yana kallon fuskar Kawu tana saukowa, yana kuma ganin yadda ya fara gyaɗa kai zai karɓi ƙaddara. Da ya yi shiru na minti ɗaya kacal, da shi ke nan, an rufe maganar har abada. Sai ya ji ba zai iya ba. Ya ce wa yaran su je waje su sha iska, suka fita da gudu ba su jira a maimaita ba.

"Ba ruwa ba ne," in ji shi. "Ni ne."

Ya faɗi komai, idonsa a kan ledar ƙasa. Ya faɗi Alhamis ɗin, da manaja a bakin ƙofa, da gwangwanin maɓalli. Ya so ya tsaya a nan, amma ya san rabin gaskiya ma ƙarya ce, sai ya faɗi cewa kaset biyu ne a aljihun, ya kuma faɗi na wane ne ɗayan. Auta ta miƙe a hankali ta koma bayan kyamara ta tsaya, ba ta dubi kowa ba. Ya san ya ɓata mata kyautar da ta yi kwanaki tana murna da ita, wannan ma wani laifin ne a kan laifi.

 Kawu ya tambayi abin da aka ɗauka a kai. Mai Kaset ya ce buɗe gada ne, wani babban mutum yana fama da almakashin da ya ƙi yanka ƙyalle, an nuna minti ɗaya a labarai, aka sake goge shi a mako na gaba. Kawu ya fashe da dariya da rabin bakinsa, har sai da Auta ta miƙa masa ruwa. Ya ce to, Bunsuru dai ya mutu a bakin aikin hukuma. Ya goge ido da hannun hagu ya ce shi bai ga abin kuka ba, uba ya zaɓi 'yarsa, shi ma da shi ne abin da zai yi ke nan, kuma yarinyar ai tasa ce.

Mai Kaset ya ji wani abu ya fara kwancewa a ƙirjinsa. Ashe abin da ya yi shekara talatin yana gudu bai fi haka ba. Har ya ɗago kai zai yi godiya, sai Kawu ya tambaye shi, kamar mai son cika labari kawai, wace shekara ce aka buɗe gadar.

"Shekarar ce. Wata huɗu bayan an rufe shirin."

Dariyar ta bar fuskar Kawu. Ya dubi taga, leɓensa yana motsi kamar mai ƙirga wani abu. Da ya yi magana, babu faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi.

"Ka tuna mai kemis ɗin da muka yi maƙwabtaka da shi a tsohon gida? Shi ya fara sayen bidiyo a layinmu. Ashe ya ɗauki shirin ƙarshen nan a gidansa, tun daga farko har inda aka jawo ni. Bayan shekara shida, ranar da zai tashi daga garin, ya zo har ƙofata da kaset ɗin a hannu, ya ce in riƙe, ni ya fi dacewa da shi." Ya tsaya ya haɗiye yawu. "Na ce ya bar wa yaransa su ɗauki ƙwallo a kai. Na ce nawa na asali yana wurin Yaya, ko ƙura ba ta taɓa shi ba."

 Daga waje ana jin jikokin suna gardamar wanda zai fara hawa keke. Mai Kaset ya buɗe baki, amma duk kalmomin neman gafarar da ya tanada na gogewar ne, bai tanadi ko ɗaya ta wannan ba. Ya tambaya, da muryar da shi kansa bai gane ba, ko an san inda mai kemis ɗin yake. Kawu ya ce ya fi shekara goma sha biyar da rasuwa, 'ya'yansa kuma kowa ya kama gabansa.

Auta ta ce ko a bar ɗaukar sai wani makon. Kawu ya ce a'a, yau aka yi masa aski, kuma tunda babu waccan fuskar, sai a yi maneji da wannan. Ya yi ƙoƙarin kai hannun hagu wuyansa, bai kai inda ya naɗe ba.

"Yaya, taso ka gyara mini wuyan rigar nan," in ji shi. "Yarinya tana jira."

Mai Kaset ya tashi ya je ya sunkuya a kansa. Sai da ya gwada sau uku kafin wuyan rigar ya kwanta.